Itacen Ɓerayen Madam

Ni kafinta ne, ɗan masassaƙi, kuma mahaifina bai taɓa yarda cewa sana'armu ɗaya ba. Yakan ce ni katako kawai na sani, wanda wani ya sare, wani ya tsaga, aka kawo mini a bayan mota. Shi kuwa ya san itace tun yana tsaye da ganyensa. A lokacin maganar tana ba ni haushi, don a gaban matata yake son yinta. Yanzu da furfura ta cika mini kai, ba ni da abin cewa sai dai gaskiyarsa.

Kakanninmu Hausawa ne da suka zauna cikin Gwarawa tun ba wanda ya yi mafarkin za a yi birni a nan. Turmi da taɓarya da akushi da ƙotar fartanya na ƙauyenmu da na ƙauyukan kewaye, yawanci daga hannun Baba suka fito. Ban da sassaƙa, mutane suna zuwa wurinsa tambaya. Wane ɓawo ake jiƙa wa mai shawara, wace saiwa ce ba a barin yara su taɓa, wane ganye ne ya kumbura cikin akuyar wane. Shi ba boka ba ne, ba ya kuma karɓar komai. Sanin ne kawai, kuma yana jin daɗin a san yana da shi.

Da aka ce za a gina babban birnin tarayya, aka zo aka auna ƙauyenmu, aka tashe mu. Wasu suka tafi inda gwamnati ta nuna musu. Baba ya ƙi, ya kwashe mu zuwa Tungan Maje wurin dangin mahaifiyata. Ba a daɗe ba ta rasu, sannan yana ta fara rufe masa ido a hankali. Kafin gwamnati ta gama tattaro komatsanta daga Legas, ba ya ganin komai sai bambancin rana da inuwa. Gizago ya gagare shi, ko da ma bai gagare shi ba kwanon roba ya riga ya kori akushi. Gona babu, mata babu, ido babu. Abin da ya rage masa shi ne tambayar nan. A shimfiɗa masa buzu a ƙofar gida, wani ya kawo reshe ko ɓawo, ya shafa, ya shinshina, ya ce wannan kaza ne, kada ka ba mai ciki. Ranar da aka zo, zai cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari, ya yi ta tsokanar matata cewa miyarta ta fi ta jiya gishiri. Ranar da ba a zo ba, sai ka gan shi shiru. Duk gidan mun san da abin da yake rayuwa.

Ni kuwa birnin da ya cinye mana gona shi ya ba ni abinci. Na yi shekaru ina buga rufin gidajen ma'aikata a Garki da Wuse. Da ofisoshin jakadanci suka fara biyo gwamnati ɗaya bayan ɗaya, sai na samu aiki a Maitama, a gidan wani ma'aikacin jakadanci, mutumin wata ƙasa can Kudancin Amurka. Ƙofar da ta kumbura, kantar da za a ƙara, duk abin da ya shafi katako nawa ne. Aka ba ni ɗaki a boskwata, da wata rumfa a bayan gida inda nake ajiye kayan aiki. Ranar Asabar da yamma nake komawa Tungan Maje, in dawo Litinin da safe.

Matar ogan, wadda kowa yake ce wa Madam, ba ta da ɗa ba ta da jika. Abin da take da shi wasu 'yan dabbobi ne guda huɗu da ta taho da su daga ƙasarsu, ta zauna da su a Legas, ta sake ɗauko su zuwa Abuja. Degu ake ce musu. Ba su kai kurege ba, sun ɗan fi ɓeran gida, gashinsu ruwan ƙasa, ga ɗan tukkun gashi a ƙarshen wutsiya, haƙoransu ja kamar na mai cin goro. Da rana suke harkarsu, suna kuka cui-cui kamar tsuntsaye, suna wanka da yashi a cikin kwano. Ranar da na fara ganinsu na ce a raina, to, yau ga ɓeran da ya samu gata. A ƙauyenmu da tuni yara sun gasa su. Amma ba ka yin mako guda kusa da su ba ka fara yi musu magana ba. Sun san takun kowa a gidan, ni har sun san ƙarar zartona.

Kejin da suka zo da shi ya lalace a hanya, ni na yi musu sabo da ragar ƙarfe, dogo har ƙirjina. Matsalar ita ce abin da za a sa a ciki. Dabbobin masu hawa ne, dole sai da rassa, kuma duk abin da suka hau sai sun gwaguye shi, don haƙoransu ba sa daina tsiro. Rassan da Madam ta zo da su daga waje sun ƙare. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Turancinta, ina amsawa da nawa: ban da fenti, ban da banish, ban da katako mai gam a ciki. Ban da itacen lemo, ban da na mangwaro, ban da na kashu, ban da bishiyar turare. Ta buɗe mini wani littafi ta nuna mini bishiyoyin da aka yarda da su, ko ɗaya ban taɓa gani ba. Na leƙa waje na duba abin da aka shuka a unguwar, daga malaina sai dalbejiya sai wannan turaren da ta hana. Matar nan tana cikin tsoro na gaske, har idonta ya kawo ruwa. Ni kuma bakina ba ya zama wuri ɗaya, sai na ce mata ai mahaifina babu itacen da bai sani ba daga nan har Gwagwalada.

Da na kai wa Baba maganar, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce duniya ta zo ƙarshe, an tashi mutane an gina wa ɓera bene. Da dariyar ta lafa sai ya gyara zama ya shiga yi mini tambayoyi kamar alƙali. Me suke ci? Na ce busasshiyar ciyawa, kuma ba a ba su komai mai zaƙi. Suna haɗiye itacen ne ko suna zubarwa? Na ce rabi da rabi. Ya ce to, abin da cikinsa bai kai babban yatsa ba, ɗigo ɗaya ya ishe shi, don haka ba za a yi musu zaɓen da ake yi wa akuya ba. Washegari tun da safe ya sa na nemo masa takalminsa na fata da ya daɗe bai sa ba.

Haka muka fara fita duk Lahadin da ake bukata. Ni nake riƙe masa sanda, amma shi yake jan tafiyar. Zai ce mu bi ta bayan makarantar firamare, mu gangara, akwai gwaiba uku da ba mai su. Mu je mu same su. Ba ya yarda da bishiyar bakin titi, don hayaƙin mota, ko ta gefen gonar wake, don feshi. Idan mun isa sai ya rungumi gindin ya shafa, ya sa in karyo masa ɗan reshe. Idan ya fitar da nono ko ƙaro, ya jefar. Shi ya sa ko majen da garin ya ci sunansa bai samu shiga ba. Ya tambaye ni ko akwai alamar akuya ta ci ganyen ƙasa-ƙasa. Daga nan ya shinshina, sannan ya sa a baki ya tauna kamar asuwaki, ya daɗe yana juya shi a kan harshe. Haƙoransa na gaba huɗu ne suka rage, da su yake wannan aikin. Na sha ce masa ya bari, ai ya riga ya gane itacen. Sai ya ce dabbobin nan baƙi ne, ba a ba baƙo abin da mai gida bai ɗanɗana ba. Itacen maɗaci dai, ya ce ɗacinsa zai yanke musu hanji. Samberu kuwa ko kusa da shi bai bari mun tsaya ba, ya ce ya ga ya kashe saniya. A ƙarshe ya tsaya a kan gwaiba da magarya da gora. A gida ya zauna ya fere ƙayar magaryar da wuƙarsa, da lalube, bai taɓa yankewa ba. Sai a wanke rassan da ruwan zafi, a shanya a kan rufi har su bushe ƙayau.

Ɓerayen Madam suka karɓi itacen Baba hannu bibbiyu. Suka yi ƙiba, gashinsu ya yi sheƙi. Madam ta matsa sai ta ga mutumin, ta aika direba da mota har Tungan Maje. Ranar Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Da muka shiga Maitama ya ce in faɗa masa abin da nake gani, na ce titi da gidaje da fitilu. Ya tambayi wani dutse da ya sani tun zamanin ƙauyenmu, na ce yana nan. Ya tambayi ɗorawar da ke gabas da shi, na ce babu. Bai ƙara tambaya ba. A gidan kuwa aka kai shi gaban kejin, Madam ta kama hannunsa ta sa a ciki. Ɗaya daga cikinsu ya hau tafinsa ya tsaya yana shinshinar yatsunsa. Baba ya lalubo reshen da suka gwaguya, ya bi sawun haƙoran da yatsa, ya daɗe.

"Faɗa mata waɗannan ba ɓeraye ba ne," ya ce mini. "Masassaƙa ne. Dubi yadda suke bin jijiyar itacen."

Na fassara mata iya yadda zan iya. Tun daga ranar take ce masa Furofesa. Labari ya zaga Tungan Maje cewa har Turawa suna aiko wa tsohon da mota, masu tambaya suka ƙaru, har daga Zuba ake zuwa. Ban taɓa ganin mahaifina cikin farin ciki irin na waɗannan shekaru biyu ba, tun barinmu ƙauye.

A damina ta biyu aka yi ruwa kamar ba za a daina ba. Rassan kejin suka ƙare a daidai lokacin da mura ta kama Baba, hancinsa ya toshe, abinci ma ya ce ba ya jin ɗanɗanonsa. Na ce mu bari sai mako mai zuwa, ya ce baƙinsa ba za su zauna ba abin hawa ba. Muka fita. A bakin wani rafi na karyo masa reshe, ya tauna ya tofar, ya sake taunawa, ya yi jim, sannan ya ce in sa a cikin kaya. Gwaiba ce, da idona na ga ganyenta da 'ya'yanta, amma bai tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Da yake babu rana, sai na kwashi rassan zuwa Maitama na jera su a rumfata su sha iska.

Bayan mako biyu na ga wani farin gari yana zuba a ƙarƙashinsu. Ƙwaro ya shiga. Ranar kuwa ina shafa wa wasu falankai maganin gara, za a ƙara kanta a kicin.

Wanda bai yi kafinta a Abuja a shekarun nan ba, ba zai gane abin da maganin gara yake a wurinmu ba. Daji aka sare aka yi gidaje, garar kuwa ba ta tashi ba. Na ga rufin da ta cinye kafin masu gidan su iso daga Legas. Ogan da ya koya mini aiki ya taɓa marina a gaban mutane don na buga katako ɗaya ban shafa ba. Tun daga nan hannuna ya koya, katako ba ya wucewa ta gabana bai sha magani ba, kamar yadda ba na fara cin abinci ban yi bisimilla ba. Wanda muke amfani da shi a gidan manya fari ne, ana dama shi da kananzir, idan ya bushe ba ya barin launi. Burushi yana hannuna, gwangwani yana gabana, ga gari yana zuba. Na bi rassan ɗaya bayan ɗaya na shafe su tas. Madam ta ce ban da fenti, ban da banish. A kaina wannan ba fenti ba ne, gyara ne. Har wani daɗi na ji, na ceci wahalar tsoho. Na bar su mako guda har warin ya tafi, ranar Juma'a na ɗaura su a keji, Asabar na tafi gida.

Litinin da safe na samu Madam zaune a ƙasa a gaban kejin. Biyu sun mutu. Na uku yana tafin hannunta yana karkarwa, kumfa a bakinsa. Ogan ya fito da mota za su tafi wurin likitan dabbobi. Da suka fita na sa hannu na ciro reshe ɗaya, na kai sabon wurin da suka gwaguya kusa da hancina. A can ciki, inda iska ba ta kai ba, kananzir yana nan da ransa. Na kwance rassan duka, na kai bayan rumfa na cinna musu wuta, suka kama nan take kamar an zuba musu mai.

Na ukun ya mutu a hanya. Da suka dawo Madam ta ce likita yana son ganin itacen, na ce na ƙona shi don kada na huɗun ya ƙara ci. Ta dube ni da jajayen idanu ta tambaye ni ko na sa wa rassan wani abu. Na ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma ta fito da sauƙin da har yau yake ba ni tsoro. Ina tunanin ɗakin boskwata, ina tunanin yadda za a ce ɗan masassaƙi ya shafa wa abincin dabba guba da hannunsa. Sai ta ce Furofesa ya tsufa, kowa yana kuskure, kada in faɗa masa da zafi. Na sunkuyar da kai. Na huɗun bai ci itacen sosai ba, amma da ya ga shi kaɗai ya rage sai ya daina cin abinci, bai kai mako ba ya bi su. Madam ta ba ni bargo mai kyau ta ce in kai wa Baba, in ce ba ta riƙe shi da komai ba.

Na shirya ƙaryata tun a mota, zan ce wata cuta ce ta ƙasarsu. Amma Baba ba a yi masa gajeren labari. Ya tambayi ranar da na sa rassan, da ranar da suka mutu, da yadda suka mutu. Da na ambaci karkarwa da kumfa sai hannunsa ya tsaya a kan bargon.

"Reshen bakin rafin nan ne," ya ce. "Ban ji shi ba. Na ce a sa ne don kada ka ga ban ji ba."

Ga ƙofa a buɗe, abin da ya rage in ce Baba gwaiba ce, ni ne. Na dubi tsohon nan, na ji kunyar duniya ta rufe ni, na ce a raina bari ya huce, gobe zan faɗa masa. Abin da na ce a fili shi ne Allah ya riga ya ƙaddara.

Goben nan ta ɗauke ni fiye da shekara. Mako biyu bayan haka ina gida wata Bagwariya maƙwabciyarmu ta zo da ɓawo a ƙulle a bakin zane, ta durƙusa a gaban buzun, ta yi magana da irin Hausarta.

"Baba, yaro na ba ta da lafiya, cikinsa yana gudu. Ka duba mini wannan, shi ne ko ba shi ba?"

Bai miƙa hannu ba. "Kai shi asibiti, 'yata. Hancin nan ya mutu. Na kashe baƙi huɗu a gidan mutane, ba zan ƙara da ɗanki ba."

Ta yi ta roƙo, ya juya fuskarsa ga bango. Haka ya yi wa na bayanta, da na bayan wannan, har mutane suka daina zuwa. Ya sa aka mayar da buzun cikin ɗaki. Takalmin fatar ya koma ƙarƙashin gado. Tuwo sai ya ci loma uku ya ture, ya daina tsokanar matata, ita kuma ta rasa abin da ya same shi, ta yi ta sauya miya. Ni ina zuwa duk Asabar da tsire da lemo da maganin tari, ina zama kusa da shi ina ba shi labarin gadoji da sababbin titunan da ake yi. Komai nake kawo masa ban da abin da yake bukata.

Wata shida da faruwar abin na faɗa wa matata. Tana tankaɗe ne, ta ajiye rariyar ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce in tashi yanzu in shiga in faɗa masa. Na ce idan ya sani ba zai iya riƙewa ba, zai sa a kai shi wurin Madam ya wanke kansa, aikina ya tafi. A bari su ogan su gama wa'adinsu, an ce saura kaɗan. Ta ce tsohon ne ba shi da wa'adi mai yawa. Na san ta fi ni gaskiya, na kuma ci gaba da jira. Ni mutum ne mai iya tsayawa a kan tsinin rufi ba tsoro, amma na kasa taka matakai biyar zuwa ɗakin mahaifina.

Aka yi wa ogan canjin ƙasa bayan damina ta gaba. Ranar da na taimaka aka ɗaure kayansu, Madam ta bar mini kejin ta ce in yi abin da na ga dama da shi, ta ce in gaishe da Furofesa. Asabar ɗin na koma gida da niyya ɗaya. Lahadi da hantsi na shiga ɗakinsa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga garin ƙwaro har wutar da na cinna a bayan rumfa, da a'ar da na ce wa Madam. Ina magana ina kuka, ni mai 'ya'ya uku a lokacin. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sai na ga yana murmushi, irin wanda ake yi wa yaro idan ya kawo wayon da bai nuna ba.

"Kai da matarka kuka shirya wannan?"

Na ce wallahi Baba ba shiri ba ne.

"Shekara guda da wata nawa. Da haka ne, da ka faɗa tun ranar. Ni na haife ka, ba ka iya riƙe magana kwana biyu ba." Ya lalubo kaina ya dafa. "Kun ga tsoho yana ƙarewa, kun ce bari a ɗauke masa kaya. Allah ya yi muku albarka. Amma ni na san abin da ban ji ba a bakin rafin nan."

Na ce gwaiba ce, na ga 'ya'yanta. Ya ce haka zan ce. Na ce zan kawo masa gwangwanin ya shinshina, ya ce kowane kafinta yana da gwangwani. Na kira matata, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce gaskiya ne, tun wata shida da faruwar abin na faɗa mata. Ya ce ita ma Allah ya yi mata albarka. Duk abin da na kawo sai ya zama shaidar cewa muna ƙaunarsa. Da na rasa yadda zan yi sai na miƙe, na ce zan yi alwala in ɗauko Alƙur'ani in dafa a gabansa.

Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya cafke rigata ya jawo ni ƙasa, ɗaya hannun yana lalubar fuskata har ya samu bakina ya toshe.

"Kada ka kuskura. Za ka dafa Littafin Allah a kan ƙarya saboda ni, ka bar mini jikoki marayu? Idan ka rantse ban yafe ba. Idan ka sake tayar da maganar nan, ban yafe ba."

Ya riƙe bakin nawa har sai da na gyaɗa kai, ya ji a tafinsa. Sannan ya sake ni, ya ce in je in ci abinci, ya ji muryata ta dushe.

Ya ƙara wata bakwai a duniya. Duk Asabar ina zuwa, ina zama kusa da shi, ina bin umarninsa. Bai sake taɓa reshe ba. Ranar sadakar uku, da mutane suka taru a ƙofar gida, wani dattijo ya ce Allah ya jiƙansa, ya san itace, sai dai tsufa ya taɓa shi a ƙarshe. Na miƙe a tsakiyar taron na ce tsufa bai taɓa shi ba, na ba su labarin daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya nemi in rantse. Duk suka yarda nan take.